Yadda Kunnena Ya Kusa Raba Malam da Tica

Akwai abin da mutum kan manta tun kafin rana ta faɗi, akwai kuma wanda ko daga barci aka tashe shi zai ba da labarinsa tiryan-tiryan. Wannan da zan faɗa muku ba na jin zai bar kaina har in koma ga Mahaliccina, domin saura ƙiris in raba abotar shekara talatin ina zaune a kan kujera 'yar tsugunno ina tsince shinkafa.

Ni dai mutuniyar gida ce. A Maitumbi muke, kuma sai in yi wata biyu ban taka bakin titi ba in ba biki ko gaisuwar rasuwa ba. Zoɓo da kunun aya nake yi, a zo har gida a saya. Karatuna bai wuce aji huɗu na firamare ba. Amma abin da Allah bai ba ni a takarda ba, ya ba ni a kunne. Ina kicin nake gane maƙwabciyar da ta shigo daga yadda take jan silifas. Keke mai ƙafa uku in ya tsaya a ƙofar gida, na san na wane ne tun bai kashe inji ba. Ban taɓa ɗaukar wannan a bakin komai ba, sai da ya jawo mini abin da ya jawo.

Maigidana, wanda nake kira Malam, kafinta ne. Kakansa ya zo Minna tun zamanin da ake shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa, shi kuma ya yi shekaru yana da shago a Tunga kafin ciwon baya ya zaunar da shi. Babban amininsa wani malamin makaranta ne daga kudancin Kaduna, Kirista, kowa Tica yake ce masa har bayan ya yi ritaya. Shi kuma Oga Kafinta yake kiran Malam. Ni kuwa Uwargida yake ce mini, sannan ya bi da "ka zo, ka gani", don Hausarsa ba ruwanta da mace ko namiji. Amincinsu ya kai duk Kirsimeti Malam ne ke zuwa da wuƙarsa ya yanka musu akuya, don mu ma mu ci da zuciya ɗaya. Mu kuma da Babbar Sallah cinyar ragonmu ta farko gidansu take tafiya. Ba a taɓa fashi ba.

Abin da ya haɗa su tun farko wasa ne. Tica ya tsinci wani wasan yaƙi a wajen masu gwanjon littattafai, wani faffaɗan kwali wanda in an shimfiɗa shi sai ya cinye tebur. An zana masa kogi da gada da daji da tuddai, an yayyanka shi gida-gida masu kusurwa shida kamar saƙar zuma. Kowa da rundunarsa: sojojin ƙasa, tankoki, da manyan bindigogi masu taya da ake kira igwa. Ba irin wasan nan ba ne da ake danne-danne ana ihu. Wannan bi da bi ake yi. Ka zauna ka yi tunaninka, ka matsar da mutanenka ɗaya bayan ɗaya, kowanne da iya gidajen da zai taka, in an yi arangama a jefa 'yar ludo ta raba gardama, sannan ka ce ka gama, abokinka ya karɓa. Yaƙi ɗaya sai ya ci musu Asabar huɗu ko biyar. Rabin sojojin sun ɓace tun kafin kwalin ya zo hannun Tica, shi ne ya je shagon Malam ya ce a sassaƙa masa tankoki goma sha biyu, kowacce kamar ƙwayar dabino. Malam ya ce da fari ya ɗauka mutumin yana da taɓin hankali. Da ya gama sassaƙawa ya nemi a nuna masa amfaninsu, shi ke nan, shi ma ya kamu.

Wata damina gara ta shiga akwatin Tica ta cinye kwalin, ta bar musu kogi rabi. Tsofaffin nan suka yi zaman makoki kamar an yi mutuwa. Sai babbar 'yar Tica da ke aiki a Abuja ta zo hutu da wata tsohuwar kwamfuta irin wadda ake ninkewa, ta ce ai wannan wasan an daɗe da mayar da shi cikin na'ura. Ta buɗe, ga kogin, ga gadar, ga gidajen saƙar zuma. Malam ya daɗe yana kallo, ya ce, "To amma tankokin ba su kai nawa kyau ba."

A gidanmu aka ajiye kwamfutar, saboda muna da 'yar sola ta caji, kuma Tica ba ya son yawo da ita a keke. Duk Asabar bayan azahar zai zo daga Tunga, su shiga falo.

Abu biyu ne suka bambanta na na'ura da na kwali. Na farko, a kwali kowa yana ganin komai, amma a na'ura duhu ne ke rufe ɓangaren abokin gaba, ba ka ganin sojansa sai naka ya matso kusa da shi. Saboda haka suka kafa doka: in ɗaya zai yi nasa, ɗayan ya fita ya zauna a benci ƙarƙashin mangwaron ƙofar gida har a kira shi. Suka bi dokar nan sau da ƙafa. Malam har juya wa taga baya yake yi.

Na biyu, kwali ba ya magana, na'ura kuwa tana yi. Kuma Tica kunnensa ya fara nauyi, sai ya ƙure mata murya. Tagar kicin ɗina tana kallon falo. Da suka zauna kafa dokarsu, ba wanda ya tuna da ni, ni ma ban tuna da kaina ba.

Kafin wata biyu na haddace komai ba tare da na yi niyya ba. Sojan ƙasa a kan tsandauri, ƙwas-ƙwas. In ya shiga ruwa, cakal-cakal. Tanka tana gurnani kamar injin markaɗe, in ta hau gada sai ƙarfe ya amsa. Igwa in ana jan ta tana kuka irin na amalanken da ba a sa wa mai ba. In runduna ta shiga daji, tsuntsaye ne ke tashi fir. Ban san sunan ko ɗaya da Turanci ba, ban ma taɓa tsayawa na kalli fuskar na'urar da kyau ba, amma ina jin yaƙin kamar wasan kwaikwayon rediyo.

Ranar da abin ya fara, Tica ne ya yi bi na ƙarshe, aka rufe sai wani mako. Bayan magariba muna cin tuwo na ce, don hira kawai, "Yau kam mutanen Tica sun sha wanka."

Malam ya tsaya da loma a hannu. "Wane irin wanka?"

"Ba ruwa suka shiga ba? Har kashi biyar na ƙirga. Ɗaya ce kawai ta hau gada, ita ma ta koma."

Ya kai lomar baki yana taunawa a hankali. Ashe a duk filin nan wuri ɗaya ne sojan ƙasa ke iya ƙetare kogin da ƙafa. Asabar na zagayowa ya jera igwoginsa suna kallon wurin. Mutanen Tica suna fitowa daga ruwa suka tarar da wuta.

A nan ya kamata ku san cewa Tica tarihi ya koyar, kuma a shekarun nan duka, in aka yi yaƙi biyar shi ke cin huɗu. Malam ya saba da shan kaye har ya zama masa kamar shayin safe. Ranar nan kuwa da ya yi rakiya ya dawo, waƙa yake yi a tsakar gida, mutumin da ko a bikinmu ban ji muryarsa ba.

Na farkon nan ban ɗora wa kaina laifinsa ba, don ban sani ba. Na biyu da na uku da sauran, da sanina aka yi. In Tica ya shiga nasa bi, can sai in ji daga ƙofar gida, "Maman yara, a taimaka mini da ruwa." In ɗauki kofi in fita, ina miƙa masa ina cewa ƙasa-ƙasa, "Injin markaɗe uku, tsuntsaye sun tashi." Ya kurɓa ya ce, "Madalla da ruwa." Ranar da yaƙi ya yi zafi sai da Malam ya sha kofi shida. Tica har ya ce masa, "Oga Kafinta, ka je a gwada ka sukari, wannan ƙishirwa ya yi yawa."

In kun tambaye ni me ya sa na biye masa, zan faɗa muku gaskiya. Shekara talatin da wani abu muna tare, Malam mutumin kirki ne, amma bai taɓa neman shawarata a kan abin da ya wuce miya ba. Rana ɗaya sai ga shi yana jingino kai yana sauraron bakina kamar mai jin labaran duniya. Har ya fara ce mini Kwamanda in mu biyu ne. Daɗin wannan ne ya rufe mini ido. Na riƙa ce wa raina ai wasa ne, ba gona ake rabawa ba.

Malam ya ci yaƙi na farko, ya ci na biyu. Tica ya yi dariya ya ce tsufa ya zo wa Oga Kafinta da basira. A na uku dariyar ta ragu. Ya riƙa zama shiru kafin ya taɓa komai, ya daina tsokanata a kan zoɓona ya cika citta.

A yaƙin nan na uku Tica ya shirya wata dabara da ya kwashe mako uku yana ginawa. Ya bar 'yan tsiraru a bakin gada suna ta harbe-harbe don a ɗauka can ƙarfinsa yake, ya kwashe tankokinsa kaf ya zagaya da su ta cikin daji, gida ɗaya gida biyu, a hankali. Ni kuwa duk Asabar ina jin tsuntsaye suna tashi, ina kai ruwa. Ranar da tankokin suka ɓullo daga dajin, farkon watan Disamba ne, suka tarar Malam ya tara duk abin da ya mallaka yana jiransu a daidai bakin hanyar.

Ina kicin na ji ƙarar ta ɗauke. Na ji an ninke kwamfutar a hankali. Sannan muryar Tica, ba da faɗa ba, wanda shi ya fi tayar mini da hankali.

"Oga Kafinta, ba wanda zai jira mutum a wannan wuri sai wanda ya gani. Kana buɗe wannan abu in na tafi gida."

Malam ya ce, "Tica, ni kake faɗa wa haka?"

"Kai nake faɗa wa. A gidanka yake kwana."

"Wallahi tallahi ban taɓa buɗe ta ba ka nan ba. Ko murfinta ban taɓa ɗagawa ba."

Gaskiya ya faɗa, kuma wannan ne abin da ya fi muni a ciki. Tica ya san Malam ba ya wasa da rantsuwa, amma kuma ya san abin da idonsa ya gani. Ya sa kwamfutar a leda, ya ɗauki hularsa. Ya leƙo kicin ya ce, "Uwargida, na gode da zoɓo, ka huta lafiya." Kofin nasa ko rabi bai sha ba. Malam ya tashi zai raka shi, ya ce a bar shi ya san hanya.

Asabar ta zo, ba Tica. Wata ta sake zuwa, shiru. Malam zai yi wanka bayan azahar ya sa riga mai kyau ya zauna a benci, wai iska yake sha. Duk keken da ya tsaya sai ya ɗaga kai, ni kuma daga ciki na riga na san ba shi ba ne. Abin da ya fi damuna, kullum tun saura kwana goma Kirsimeti matar Tica, wadda muke kira Madam, take kirana a waya ta ce, "Ƙawata, a gaya wa Oga ya wasa wuƙa." Wannan karon har saura kwana huɗu waya ba ta yi ƙara ba. Na san in safiyar nan ta wuce wani ne ya yanka akuyar, to an gama. Tsofaffi ba sa faɗa da baki, sai dai a wayi gari an daina.

Na same shi a bencin na zauna a ɗaya gefen, abin da ban saba ba.

"Malam, maganar Tica."

"Na rantse masa ban buɗe ba, kuma ban buɗe ba. Shi ya ƙi yarda. Ni zan bi shi?"

"Kwamfuta kam ba ka buɗe ba. Ni ka riƙa buɗewa."

Ya kalle ni, ya kau da kai ya kalli mangwaro. Na ce ina neman izini gobe zan je Tunga in gaida Madam. Ya san sarai ba gaisuwa ce za ta fitar da ni ba, ni da ko kasuwa aike nake yi. Duk da haka ya ce, "Allah ya kiyaye hanya." Har na kai ƙofa ya ƙara da cewa, "Ki tafi musu da zoɓo. Kar ki cika citta."

Washegari da hantsi na shiga keke. Mai keken ya riƙa kutsawa tsakanin 'yan acaba, ni ina rungume da jarka ina salati, ina kuma maimaita abin da zan faɗa. Ina shiga gidan na ga akuyar a ɗaure a gindin gwanda, baƙa mai farin goshi, tana cin dusa hankalinta kwance. Madam ta fito tana goge hannu, ta ce, "Ƙawata, ke ce a waje da rana tsaka? Lafiya kuwa?" Ta rungume ni, ta raɗa mini cewa mutumin nata ya hana ta kira, kuma kwana biyun nan ko abinci sai ta yi da gaske yake ci.

Tica yana falo da jarida. Muka gaisa, ya tambayi yara, bai tambayi Malam ba. Duk abin da na shirya a keke ya gudu, sai kawai na ce, "Tica, Malam bai buɗe kwamfutarka ba. Ni ce nake jin motsin sojojinka daga kicin, in kai masa da ruwa."

Ya sauke tabarau ya dube ni. Sai ya yi murmushi irin na malaman makaranta in yaro ya kawo uzurin da bai gamsar ba.

"Uwargida, kai mace mai kirki ne. Ka zo ka rufa wa mijinka asiri. Amma wannan labari bai zauna ba. Ni da nake gaban abin ma ba na bambance ƙaran."

Na ce, "To ɗauko ta."

Madam ta ce, "Ɗauko mana, tsoro kake ji?"

Ya ɗauko. Na juya kujera na fuskanci bango, har na ja mayafi na rufe fuska don kar a ce na ga wani abu a gilashin hoto. Ya fara.

"Sojan ƙasa, a kan busasshiyar ƙasa."

Ya sake.

"Igwa ake ja. Biyu."

Ya yi gyaran murya, ya sake.

"Tanka ta hau gada. Ta tsaya a tsakiya, ba ta sauka ba."

Madam ta fara dariya ƙasa-ƙasa. Na ji ya danna, ya danna, ya sake dannawa.

"Wannan ba ka motsa kowa ba, Tica. Danne-danne kawai kake yi don ka ruɗe ni."

Madam ta fashe, har da buga cinya. Ta ce, "Shekara nawa kana kama 'yan makaranta da satar amsa, yau ga wadda ta fi ƙarfinka."

Ya ce a yi shiru, saura ɗaya. Wani sauti ya fito wanda ban taɓa ji ba, kamar ana buga guduma a kan itace. Na ce, "Wannan ban san shi ba. Amma ko mene ne, tarko ne, don ka fara waƙar cocin nan ta cikin hanci. Duk ranar da za ka yi wa Malam mugunta sai ka yi ta."

Ashe gada ce ta wucin gadi yake sa masu aikinsa su kafa, dabarar da ya ɓoye bai taɓa amfani da ita ba. Ya ce, "Ni ina waƙa?" Madam ta ce, "Kana yi. Ranar da ka zo neman aurena ma ka yi ta."

Na juyo. Na ɗauka zan ga yana dariya, sai na ga ya zuba wa ƙasa ido. Can ya ce, "Na kira shi da laifin da bai yi ba. Shi kuma ya yi wanda ban kira ba." Ya ɗago. "Shi ya aiko ka?"

Na so in ce e, da an wuce wurin. Amma ƙarya ce ta kawo mu nan, ko da ba a furta ta ba. Na ce, "Bai aiko ni ba. Bai kuma hana ni ba. Zoɓon dai shi ya ce a kawo."

Ya jinjina kai. Na ba shi haƙuri a kan nawa kason, ya ɗaga hannu ya ce nawa mai sauƙi ne, kunne ba shi da murfi, baki ne ke da shi. Na haɗiye wannan, don na cancanta. Da zan tafi ya rako ni har gindin gwanda, ya tsaya yana kallon akuyar. Ya ce, "Ka ce wa Oga Kafinta, wannan dabba bai san an yi faɗa ba. Ranar Kirsimeti da safe, kamar kullum. Sauran magana na bakinsa ne."

Na kawo saƙo yadda aka ba ni, ban ƙara ba ban rage ba. Da la'asar na ji dutsen washi yana aiki a bayan ɗaki.

Ranar Kirsimetin na bi shi, karo na biyu a mako ɗaya ina shiga keke, har maƙwabta suka fara tambaya ko lafiya. An kwance akuya, an haƙa ɗan rami, Tica ya riƙe ƙafafu. Malam ya tsuguna ya warware wuƙar daga tsumma, sai ya ajiye ta a ƙasa ya miƙe.

"Tica, ba zan ambaci sunan Allah a kan akuyarka da wannan abu a wuyana ba. Rantsuwar da na yi maka gaskiya ce, amma na yi ta ne don in ɓoye wata gaskiyar. Na ci amanar wasa, na kuma bar ka ka tafi da zargi alhali na san inda matsalar take. Ka yafe ni."

Tica yana durƙushe riƙe da ƙafar akuya ya ce, "Ni ma na ce ka yi abin da ba ka yi ba. Ka yafe. Yanzu ka yanka kafin dabban nan ya karya mini hannu, tun ɗazu yana harbi."

Bayan an ci an sha aka zauna shari'a, Madam ce alƙali. Ta soke nasarorin Malam uku. Ya roƙa a bar masa ko na farkon, tunda lokacin ba da niyya ba ne, Tica ya ce ko rabin ɗaya. Ta yanke wa Malam gyaran ƙofar kicin ɗinta da ta shekara tana kuka. Ni kuma 'yar Tica ta ciro wani abin sa wa a kunne daga jakarta ta ba mahaifinta, ta ce daga yau shi kaɗai zai riƙa jin yaƙinsa. Tica ya ce wannan ya yi maganin na'ura, saura waƙa. Aka yi ta shawara, a ƙarshe aka ce ya riƙa tauna goro in yana tunani. Mutumin da bai taɓa cin goro ba ya koya da tsufansa saboda ni.

Asabar ta farko a sabuwar shekara suka koma fagen daga, Malam ya koma shan kayensa kamar da. Wani lokaci ina jin sa daga ƙofar gida yana cewa a taimaka masa da ruwa, in kai masa, ya dube ni in dube shi, in ce, "Ruwa ne kawai, Malam." Ya ce, "Na sani, ƙishirwar gaske ce."

Yanzu shekaru sun ja, gwiwar Tica ba ta barinsa zuwa kowane mako, amma ana yi. Abin da na ɗauka daga wannan al'amari shi ne, wanda ya shigo ɗakinka ya saki jiki, ba jakarsa da takalminsa kaɗai ya ba ka ajiya ba. Har tarinsa da gunaguninsa da abin da ya yi yana zaton ba mai ji, duk amana ne. Kuma mutum yana iya faɗin kalmar da babu ƙarya ko ɗaya a cikinta ya cuci ɗan'uwansa da ita. Har gobe ina jin abubuwa da yawa daga tagar kicin ɗin nan, na maƙwabta da na baƙi da na 'ya'yana da matansu. Sai dai yanzu kafin in buɗe baki nakan tambayi kaina: wannan da na ji, an ba ni ne, ko tsinta na yi a inda mai shi ya yarda da ni? In tsintuwa ce, sai in ci gaba da tsince shinkafata.